Ƙaramar motar gazuwal ga mai iyali a Yamai: shin lissafin yana fita?

Baban Zalika, Yamai:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa riƙe motar gazuwal, wato dizal. Ni malamin makaranta ne, ina zaune a Talladje da uwargida da yara uku, kuma shekara shida ke nan babur ne abin hawanmu. Yanzu na tara abin da zai sayi ƙaramar mota ta hannu, irin mai ƙofa biyar wadda ake ɗaga bayanta gaba ɗaya a zuba kaya. Dillali ya nuna mini guda biyu, Golf 4 mai injin 1.9 TDI da Peugeot 308 mai injin 1.6 HDi, wadda ta fi sabunta da kyan ciki, kuma ita ce ta kwanta wa uwargida a rai. Zirga-zirgata a rana ba ta wuce kilomita 20, sai dai sau huɗu a shekara muna zuwa gida Tahoua. Kowa yana cewa gazuwal ba ta shan mai, amma kawuna, wanda ya daɗe yana tuƙi, ya ce kada in kuskura. Wanne zan kama?

Alhaji na Yantala:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin maganar wace mota, a fara ɗaukar alƙalami, domin zancen arhar gazuwal daga Turai aka kwaso shi, inda a ƙasashe irin su Faransa aka yi shekaru ana sassauta masa haraji. A nan abin ya juya. A watan Agustan 2022 litar gazuwal ta tashi daga sefa 538 zuwa 668, kuma ko da aka yi ragi a watan Yulin 2024, an tsayar da ita a 618 yayin da fetur ya sauko 499.

Na riƙe iri biyun. Ta gazuwal tana sha mini kusan lita biyar da rabi a kilomita 100, ta fetur mai girma ɗaya da ita kuma kusan lita takwas. Idan aka buga da wancan farashi, ta farko tana cin sefa 3,400, ta biyu kusan 4,000, wato ratar ba ta wuce 600 ba. Da tafiyarka ta cikin gari da zuwa Tahoua sau huɗu, wanda kowane zuwa da dawowa ya kai kilomita 1,100, da ƙyar za ka cika kilomita 12,000 a shekara, ke nan abin da za ka rage bai wuce jika 70 ba, wato sefa 70,000. Kuɗi ne, ban raina ba, amma gyara ɗaya mai nauyi yana iya haɗiye shi har ya nemi ƙari.

Mai Garaji, Tahoua:

Alhaji ya gama da lissafi, ni bari in yi magana a kan abin da hannuna yake taɓawa. Malam, motocin nan biyu ba tsara ɗaya ba ne, ko da yake mai ɗaya suke sha.

Yawancin 308 suna da tukunyar tace hayaƙi a jikin salansa, wadda ake kira FAP. Aikinta shi ne tara baƙin hayaƙi, sannan idan mota ta yi doguwar tafiya injin ya ɗau zafi sosai, sai ta ƙone shi da kanta. To, wanda tafiyarsa daga gida ce zuwa makaranta, ya tsaya a cunkoson gadar Kennedy, ya kashe mota bayan minti goma sha biyar, yaushe tukunyar za ta sami wannan zafin? Sai ta toshe, fitila ta kunnu a gaban direba, mota ta ƙi ja. Abin da ya fi muni shi ne, duk lokacin da ta fara ƙonawar aka katse ta, gazuwal yana zurarewa cikin baƙin mai ya tsinka shi, kuma shi wannan injin na 1.6 HDi an san shi da rashin haƙuri da gurɓataccen baƙin mai, domin siririn bututun da ke kai mai ga turbo, na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji, yana saurin cushewa. A bara an jawo mini wata daga hanyar Konni, da na kwance bututun na busa shi da baki, ko iska ba ta wuce ba, turbo kuwa ya riga ya tafi.

Golf 4 tsohuwa ce, ba ta da wannan tukunya. Amma ka duba da kyau, domin 1.9 TDI iri-iri ne. Mai ƙarfin doki 90 tana da famfon mai irin na da, wanda masu gyara da yawa suka iya, ita nake so maka. Masu doki 100 da 130 kuwa kowace injekta, wato abin da ke fesa mai cikin inji, da nata famfon a haɗe, kuma suna buƙatar baƙin mai na musamman wanda ba kowane shago ake samun na gaskiya ba.

Ko wacce ka saya, kada ka yarda da lambar kilomita da ke jikinta, kuma ranar da ta shigo hannunka ka canja bel mai haƙora da famfon ruwa, domin idan bel ɗin ya tsinke a kan gudu, kan injin ne zai tafi. Juyen baƙin mai a ƙasarmu ba irin na littafin Turawa ba ne; da zafin Afrilu da ƙurar hunturu, ni a kilomita 5,000 nake yi wa mutanena. Sannan ka guji gazuwal na jarka a bakin hanya, domin ruwa ko yashi kaɗan ya isa ya kashe injekta.

Maman Abdul, Lazaret:

Ni ba ni da ilimin inji, amma shekara huɗu ina kai yara makaranta da Golf 4 ta gazuwal. A kan hanyar Dosso zuwa Dogondutsi ba ta da laifi ko kaɗan, tanki ɗaya yana kai mu Tahoua har da saura, kuma ko an kunna sanyi ba ta yin nauyi. A watan Maris na 2025, lokacin da ake kwana a layin fetur, na gode wa Allah da irin motar da nake da ita.

Sai dai, Baban Zalika, ka gaya wa uwargida gaskiya game da wuri. Yara uku a baya suna zama lafiya muddin ƙanana ne, amma bayan motar akwati biyu da kula ɗaya yake ɗauka, kuma duk wanda ya je gida ya san ba a dawowa hannu sake. Ranar da surukata ta haɗa mu da buhun gero da rabin buhun albasa, sai da muka kwantar da rabin kujerar baya, ƙaramin yaron ya zauna a cinya, ƙasan motar kuma yana gogar kowane tudun rage gudu har muka iso. Da damina ma haka, akwai layukan unguwarmu da ba na shiga da ita, sai in ajiye ta a bakin kwalta in taka.

Baban Zalika, Yamai:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa uwargida jawabin mai garaji, kuma da kanta ta ce a haƙura da 308. Ranar Asabar zan koma wurin dillalin da sassafe, kafin ya tayar da Golf ɗin, tare da makaniken da na yarda da shi, mu ga yadda take tashi da sanyin inji da irin hayaƙin da take fitarwa, mu kuma duba takardunta ko mai doki 90 ce. Na kuma ce ya nemo mini Corolla ta fetur mai ƙofa biyar in gwada, tunda lissafin Alhaji ya hana ni barci jiya.