Shawarwarin Makaɗan Jidda Kan Jitar Bas da Amfilifaya

A wata zantawa da wasu makaɗa Hausawa mazauna Jidda suka yi, bakinsu ya zo ɗaya cewa mai koyo ya fara da jitar bas (wato jita mai kaurin sauti) mai tsirkiya huɗu, irin samfurin Precision da kamfanin Fender ya fitar a 1951, domin mai biyar tana rikita yatsun sabon shiga.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sautin jita. An yi gargaɗi kada a jona bas da amfilifayar jita ta yau da kullum, saboda sautin tsirkiya mafi kauri yana sauka zuwa kusan hats 41 (hats ma'aunin kauri ko sirancin sauti ne), kuma ƙaramar lasifika tana iya yagewa idan aka ƙure ƙara. Wanda ya yi odar kaya daga Amurka kuwa, ya duba ƙarfin wutar da aka rubuta a bayan amfilifayar tukuna, tun da wutar can bolt 120 ce, ta Saudiyya kuma ta kai 220, kuma a ganina wannan ce shawarar da ta fi tsare aljihu.

Danshin Bahar Maliya yana sa tsirkiya tsatsa, don haka a goge ta da ƙyalle bayan kowane kiɗa. Kada kuma a bar jitar cikin mota da rana, domin zafi yana lanƙwasa wuyanta.