Fatar damtsena ta saki bayan na rage ƙiba, in yi tiyata?

Maman Ilham, Agege

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu da suka wuce likita ya ce ina da ciwon suga, lokacin nauyina kilo 126 ne. Na bar lemon kwalba, na rage tuwo da shinkafa, kullum bayan asuba sai in taka har Pen Cinema in dawo. Yanzu ina kilo 81, sugan ma ya sauka, Alhamdu lillahi.

Abin da ke damuna shi ne fatar damtsena. Ta saki tana reto, ga ta ciki ma, amma ita zani yana rufe ta. Kun san zafin Legas, gumi ya taru a ƙarƙashin fatar kusa da hammata, sai ƙuraje da ƙaiƙayi, hoda ba ta yi. Wata takwas ina ɗaga ƙananan ƙarafa, naman ya yi ƙarfi, fatar tana nan yadda take. A bikin ƙanwata ko liƙi ban iya yi ba, don kada in ɗaga hannu. Na ji ana yanke fatar. Akwai wadda ta yi? Kuma ya halatta?

Anti Nas, Idi-Araba

Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari Maman Ilham, sauke kilo 45 ba wasa ba ne. Ɗaga ƙarfe ba zai mayar da fatar ba, ta daɗe a miƙe har ta rasa ƙarfin komawa, kamar robar da ta gaji.

Aikin shi ne a yanka ta cikin damtse, daga hammata zuwa kusa da gwiwar hannu, a cire rarar fatar a ɗinke. Tabon dogo ne, yana dushewa amma ba ya ɓacewa. A nan nake so ki tsaya ki yi tunani, domin mu baƙaƙen fata mun fi samun tabo mai tasowa, wanda likitoci ke kira kiloid. In kin taɓa hujin kunne ya yi ƙullutu, ko wani tabo ya kumbura miki, ki faɗa wa likita tun ranar farko.

Likitan kirki ba zai taɓa ki ba sai nauyinki ya tsaya wuri ɗaya kamar wata 6, sugan yana daidai, jininki bai yi ƙasa ba. Suga yana hana ciwo warkewa da wuri. Ki nemi ƙwararren likitan gyaran jiki mai rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitocin Najeriya rajista. Akwai sashensu a asibitin koyarwa na LUTH nan kusa da mu, da na LASUTH a Ikeja, da asibitin ƙashi na Igbobi. Masu talla a Instagram kuwa, ki tambaye su wa zai ba ki allurar barci, kuma ina za a kai ki in abu ya rikice. Fita waje ma ba ya kore haɗari, Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa na lokacin, a Sifen ta rasu a 2005 bayan tiyatar gyaran jiki.

Malam Abu Safwan, Alaba Rago

'Yar uwa, malamai sun bambance tsakanin canja halitta don ado kawai da kawar da cuta ko aibin da ya samu jiki daga baya. Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinari. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito. Tunda har ƙuraje yake sa miki, ina ganin naki ya fi kusa da magani. Ki shawarci maigida, ki yi istihara, in akwai likita mace ita ta fi.

Hajiya Babba, Obalende

Ƙanwata, ni na yi bara. Ba wanda ya gaya min cewa makonnin farko ko ɗankwali ba zan iya ɗaurawa ba, 'yata ce ke yi min wanka. Na sa rigar matse hannu wajen mako shida, cikin wannan zafin, babu ɗaukar bokiti, babu goyo. Hannun hagu ya tara ruwa sai da aka zuƙe sau biyu, har yau akwai wurin da ba na jin taɓawa sosai. Amma ƙurajen sun tafi, ina sa riga mai hannu daidai ni. Kada ki yarda a haɗa miki hannu da ciki rana ɗaya don rage kuɗi, sai in likita ya gamsu jikinki zai ɗauka.

Maman Ilham, Agege

Na gode, Allah ya saka da alheri. Anti, maganar tabon ta tsaya min a rai, don inda aka yi min aikin haihuwar Ilham ya ɗan tasa, yana ƙaiƙayi har yanzu. Zan nuna wa likita shi kafin komai. Wata huɗu ke nan ina kan kilo 81, zan jira bayan Sallah. Hajiya, yaushe kika fara iya shiga kicin da kanki?