An kawo min takardar bincike kan hali da shugabanci, in cike ko in bari?

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 6 ke nan ina riƙe da wata makarantar firamare, malamai 14 ne a ƙarƙashina. Shekaranjiya wata ɗaliba mai digiri na biyu ta zo ofishina da wasiƙa daga sashensu, wai tana binciken alaƙar halin mutum da salon shugabancinsa. Takardu kala biyu ta kawo. Tawa jimloli 44 ne, kowace sai in zaɓi lamba daga 1 zuwa 5. Ɗayar kuwa malamaina ne za su cike, a kaina.

Nan fa cikina ya ɗuri ruwa. Akwai mutum biyu da na ba takardar gargaɗi a zangon da ya wuce saboda makara. Su ne za su zauna su auna ni? Kuma ina takardun za su? Kada watarana in tarar da su a teburin sakataren ilimi.

Na ɗauki fensir bayan isha'i, tun a jimlar farko na cije: wai ko ni mai yawan magana ce. A taron malamai sai kowa ya gama nake buɗe baki, amma a gida ku tambayi maigidan. Gaba kaɗan kuma wai ko ina kammala aikina tsaf. In sa 5, yabon kai jahilci. In sa 3, na yi ƙarya. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni haske.

Malamin Ƙididdiga:

Wa alaikumus salam Hajiya. Mai 44 ɗin nan na san ta, Oliver John da abokan aikinsa suka tsara ta a Amurka a 1991. Halaye biyar take aunawa: son cuɗanya da kuzari, sauƙin kai, tsare aiki, saurin damuwa, da son sabon abu. Ta malaman kuwa, in jimlolinta 45 ne kuma lambobin daga 0 zuwa 4, to takardar auna salon shugabanci ce da ake kira MLQ, ta Bernard Bass da Bruce Avolio. Tana duba ko shugaba mai zaburar da mutane ne, ko mai "yi min in yi maka", ko mai sakin ragama.

Abin da ya sa ake tambayar na ƙasa shi ne kowa gwani ne a bakin kansa. Ba ke ake nema ba, amsoshin makarantu da yawa za a zuba wuri guda a fitar da matsakaici. Sai dai kafin ki sa hannu, ki nemi ganin takardar amincewa da izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arsu. Kada a rubuta sunanki ko na makaranta, lamba ta isa. Kina da damar janyewa ko da kin fara. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ma tana bayanki.

Batun 5 da 3, ki sa abin da kika fi yi a yawancin ranaku. Ba jarrabawa ba ce.

Tsohon Hedimasta:

Malam, na ji bayaninka, amma ni akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. An ce masu wannan awo sun gano mai son shiga mutane da baki shi ya fi dacewa da shugabanci. A ina? Ka taɓa ganin sarki na surutu a fada? Amawali ma rufe bakinsa yake yi, ya faɗi kalma biyu, fadawa su amsa. Na yi shekara 19 ina shugabancin makaranta, rabin rigimar da na kashe da kawaici na kashe ta. Malami ya yi laifi, ka gani, ka yi kamar ba ka gani ba, sai bayan la'asar ka aika a kira shi gida. A takardar nan wace lamba ce wannan?

Baturen nan Anthony Kirk-Greene ya lissafa siffofi goma na mutumin kirki a wurin Bahaushe tun 1974: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima, adalci. 'Yata, ki duba takardarki ki ga ko kunya ta fito a matsayin abin yabo. Ina jin tsoron in kin ce ke mai kamewa ce, ragi za a yi miki.

Nas ta Dare:

Anti, ni ta ɓangaren na ƙasa zan yi magana. An taɓa kawo mana irinta a asibitin da nake. Kuskuren da aka yi, shugabarmu aka bar wa ta tattara. Tana zaune, kana miƙa mata, tana kallon rubutunka. Wallahi kowa 4 ya jera mata daga sama har ƙasa, har wadda suka yi cacar baki da safe. Ɓarnar takarda kawai. In kina son taimakon yarinyar nan, ki bar musu ɗakin malamai ki fita. Kowa ya sa tasa a ambulan ya manne, ita ta karɓa da hannunta. Wanda ba ya so ya cike, kada ki ko tambaye shi dalili.

Malamin Ƙididdiga:

Baba, Allah ya ƙara girma. Binciken da kake nufi na Timothy Judge da abokansa ne na 2002, kuma alaƙar da suka samu tsakanin son cuɗanya da shugabanci kusan 0.31 ce, wato akwai ta amma ba ta taka kara ta karya ba. Kuma ba surutu kaɗai ake nufi ba, har da iya tsayawa a kan magana da ƙarfin gwiwa. Amma kana da gaskiya, da Turanci aka ƙera ma'aunin. Daga baya ma Kibeom Lee da Michael Ashton sun ƙara hali na shida, gaskiya da tawali'u, bayan an binciki kalmomin hali a wasu harsuna. Hajiya ta rubuta wa ɗalibar wannan ƙorafi a bayan takarda, zai yi mata amfani a babin ƙarshe.

Uwar Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kira ta ɗazu. Izinin yana nan, za ta kawo kwafi ranar Litinin tare da ambulan 14, ni kuma zan tafi zagayen azuzuwa. Baba, na duba, akwai ta kamewa, akwai ta jin kunya, duk 4 na sa, a rage abin da za a rage. Ta yawan magana na sa 2. Maigidan ya leƙo ta kafaɗata ya gani, ya yi dariya har da tari, ya ce a ba shi ambulan na 15.