Kiran manya a gidajen Hausawan Makka

A wata hirar dare a unguwar Misfala da ke Makka, bayan sallar isha, matan gida sun daɗe kan batun yaran da aka haifa a nan, waɗanda ba su san alkunya ba.

Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a fara tun ranar suna. In aka raɗa wa jariri sunan kakansa, nan take a ba shi laƙabi, Abba ko Khalifa, ita kuma mace Ummi ko Mama, don kada surukar gida ta wuni tana kwala sunan mahaifin mijinta. Sauran kuwa sanannu ne: Baffa, Kawu, Gwaggo, Inna, Yaya.

Inda aka sha gardama shi ne kiran Larabawa, Abu wane da Ummu wane. A wurinsu girmamawa ce, amma yawanci da sunan babban ɗa ake yi, wanda Bahaushiya mai alkunya ba ta iya furtawa. Wata dattijuwa ta ce a bar maƙwabta su kira, ita dai ba za ta faɗa da bakinta ba. Ni na bi bayanta.

A asibiti ko wurin sabunta iƙama (takardar izinin zama) kuwa, kowa ya yarda a faɗi cikakken suna.