Makaɗan jita, ku taimaka: ina ɓacewa a tsakiyar kiɗan bulus (blues)

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina Yamai, ina shirin gwajin shiga jami'a a fannin jitar jaz. A kiɗan biki na taso, irin na Agadas, inda sauti biyar kan ishi mutum har asuba. A jaz kuwa, bulus mai gaɓa 12, wato zagayen kiɗa mai kashi 12 da ake ta maimaitawa, shi ne ya tsaya mini a wuya. Da an kai gaɓa ta 9, akor (sautukan da ake kaɗawa tare) ya juya Re, Sol, Do, sai yatsuna su koma sauti biyar ɗin nan da suka saba, in rasa inda muke. In na bi a hankali lafiya lau, in na ƙara gudu komai ya watse.

Don Allah, wanda ya taɓa tsallake wannan, da me zan fara: haddace zagayen da baki, ko bin sautukan kowane akor ɗaya-ɗaya? Lokaci ya ƙure mini.