Wane katako ya dace da akwatin agogon lantarki, kuma me zan shafa masa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na haɗa agogon lantarki da hannuna, mai lambobin LED jajaye, yana aiki lafiya. Matsalata akwatinsa ce. Na yi shi da katakon fayin (pine) saboda sauƙin yanka, na shafa masa launi da mai ta waje. Launin ya fito dabbare-dabbare, bayan wata biyu kuma murfin bayan ya lanƙwashe har gefe ɗaya ya tsage daga inda na ɗaura sukuru. Zan sake yin wani, kuma burina lambobin su riƙa haskowa ta cikin katakon, ba gilashi. Manya, ku taimaka min da shawara.

Kafinta:
Wa alaikumus salam ɗana. Tun daga maganarka na ga inda gizo ke saƙar: ta waje kaɗai ka shafa. Katako ko an yanke shi yana shan danshin iska yana fitarwa, yana kumbura yana motsewa, kuma a faɗinsa yake wannan motsi, a tsawonsa kusan ba ya motsi. Idan ka rufe fuska ɗaya ka bar ɗayar tsirara, tsirarar ce za ta riƙa sha tana bushewa ita kaɗai, dole ya lanƙwashe. Ga zafin kayan lantarki kuma yana gasa shi ta ciki. Duk abin da ka shafa a waje ka shafa a ciki, har bakin yankan, don can ya fi shan ruwa.

Sannan ka samu busasshen katako. Na kayan cikin ɗaki ana son danshinsa kamar kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. Ka ajiye shi sati biyu a ɗakin da agogon zai zauna kafin ka sa masa zarto. Fayin kuwa halinsa ke nan, wani wuri ya sha launi da yawa, wani wuri ya ƙi. Ni da zan zaɓa maka, gefuna da walnat ko maɗaci zan yi. Suna da kyau da kansu, ba sa buƙatar launi, mai kawai za ka shafa su fito.

Mai gyaran rediyo:
Baba ya gama magana a kan katako. Ni ta ɓangaren wuta zan ƙara. Kada ka ɗaure allon wayoyin kai tsaye a jikin katako, ka ɗora shi kan 'yan ƙafafu, ramin sukurun kuma ya ɗan fi sukurun faɗi. Ka huda ramukan iska a ƙasa da saman baya. Zafi yana shafar ƙaramin kiristal ɗin da ke ƙirga lokaci, mai bugu 32,768 a daƙiƙa, agogo ya riƙa gudu ko jinkiri, sai dai in kana amfani da irin DS3231, 'yar na'urar ƙirga lokaci mai gyara kanta. Wanda kuma zai yi na fitilun Nixie, tsofaffin fitilun gilashi masu nuna lambobi, ya sani suna cin kusan bolt 170, ba a barin inda yatsa zai shiga.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode yaya. To fuskar da haske zai ratsa fa?

Wata mai sana'ar hannu:
Wannan na taɓa yi, ƙanena. Fallen katako siriri za ka nema, kamar rabin milimita, kuma mai hasken launi irin katakon mafal (maple). Walnat duhu gare shi, zai shanye hasken. Fallen shi kaɗai ba shi da ƙarfi, sai ka manna shi a kan farantin roba mai gani-har-hanji, gam ɗin ya bazu ko'ina daidai, don duk inda iska ta maƙale za ta fito kamar tabo idan fitila ta kama. Lambobin su matso dab da bayansa. Tazarar 'yan milimita ma ta isa ta sa su dusashe.

Wajen goge shi ka yi hankali sosai, da hannu, da samfefa mai lamba 220, kana bin jijiyar katakon. Na taɓa huda nawa saboda gaggawa, raina ya ɓaci ƙwarai. Kuma foliyuretan, wato man rufe katako mai sa sheƙi, na ruwa za ka shafa masa, na mai yana mayar da mafal rawaya da daɗewa.

Kafinta:
Haka ne 'yata. Gefunan kuma ka fara da 120, sai 180, sai 220. Ka goge da tsumma mai ɗan laima, gashin katakon zai tashi, ka bari ya bushe ka sake bi da 220. Man linsid (linseed), wato man shafa wa katako, shafi uku ya isa, siriri-siriri, kana goge rarar, kwana guda aƙalla tsakanin kowanne. Kada ka saka allon wayoyin sai warin man ya tafi.

Tsumman da ka shafa linsid da shi kada ka dunƙule shi ka jefa a kwando, yana iya kama wuta da kansa. Ka baza shi a waje ya bushe, ko ka jiƙa shi cikin ruwa. In kuma ka canza ra'ayi ka ɗauki katakon ok (oak), sukurun tagulla za ka sa, na baƙin ƙarfe yana bar masa baƙin tabo. Kowane sukuru ka fara huda masa rami tukuna.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Walnat a gefe, mafal a fuska. Yau zan shigar da katakon ɗaki ya fara satinsa biyu.