Hausar "special election": zaɓen cike gurbi ne, kuma fasa shi ake yi

Salamu alaikum masu fassara da 'yan jarida. Ina so mu tsayar da magana kan wata kalmar Turancin Amurka, wato special election. Duk lokacin da labarinta ya shigo sai ka ga an rubuta "zaɓe na musamman". Ni dai ban gamsu da wannan ba, kuma dalilina ya wuce daɗin kunne.

A Hausa, abu na musamman ƙari ne a kan abin da aka saba. Baƙo na musamman, shiri na musamman, addu'a ta musamman. Idan aka ce an janye shiri na musamman ba wanda zai ji an cuce shi, don da ma alfarma ce aka yi niyyar yi. To ka ɗauki wannan ma'anar ka ɗora wa zaɓe. Mai sauraro a Gusau ko Maraɗi ya ji an ce "an soke zaɓe na musamman a New York", me zai fahimta? Zai ɗauka wani ɗan bikin siyasa ne aka ga ba dole. Alhali abin da ya faru shi ne kujera ta zama ba kowa, doka ta ce masu ƙuri'a ne za su ɗora wani a kanta, sannan aka hana su.

Ga misalin da ya fi fito da maganar fili. Queens ɗaya ce daga gundumomi biyar na birnin New York, mutanenta sun haura miliyan 2. Shugabar gundumar, Melinda Katz, ta ci zaɓen babbar mai gabatar da ƙara ta Queens, ta kama sabon aiki a watan Janairun 2020. Kujerarta ta shugabanci ta zama fanko, Sharon Lee ta riƙe a matsayin muƙaddashiya, aka sa 24 ga Maris 2020 ranar zaɓen wanda zai hau. Sai korona ta sauka a birnin. Aka ɗage zaɓen zuwa 23 ga Yuni. A watan Afrilu kuma gwamnan jihar New York na lokacin, Andrew Cuomo, ya ba da umarni cewa ba za a yi shi ba gaba ɗaya, a jira babban zaɓen Nuwamba.

Wani zai ce ai annoba ce, kuma gaskiya ne, Queens na cikin wuraren da cutar ta fi yi wa ɓarna a lokacin. Amma duba abin da ya bi ruwa. Shi wancan zaɓen ba na jam'iyya ba ne, kowane mai rajista na da ƙuri'a a cikinsa. Abin da ya rage a ranar 23 ga Yuni shi ne zaɓen fidda gwani, kuma a jihar New York ɗan jam'iyya ne kaɗai ke shiga fidda gwanin jam'iyyarsa. Queens kuwa gidan Dimokurat ce, wanda ya ci fidda gwaninsu kusan ya gama hawa. Saboda haka wanda ba ɗan jam'iyyar ba ne ya rasa rana guda da ƙuri'arsa ke da nauyi daidai da ta kowa. Akwai ma ɗan takara, Jim Quinn, wanda a wancan zaɓen kaɗai ya tsaya, sai ya wayi gari ba takara. An kai ƙara kotu, amma zaɓen bai dawo ba. Donovan Richards ne ya ci fidda gwani, ya ci na Nuwamba, ya hau a watan Disamba. Kusan shekara guda kenan wadda ba a zaɓa ba tana riƙe da kujerar.

Wannan ai muna da sunansa tuntuni: zaɓen cike gurbi. Shi muke kiran abin da INEC ke shiryawa idan ɗan majalisa ya rasu ko ya ajiye aiki, wanda Turancin Ingila da na Najeriya ke ce wa by-election. Amurkawa ne suka ba shi wani suna. Daɗin kalmar tamu shi ne tana ɗauke da dalilinta a cikinta. Da ka ji "gurbi" ka san akwai wurin da ya rage ba kowa, da ka ji an hana cike shi ka san akwai mutanen da aka bari ba wakili.

Wani malami ya yi mini gyara a kan wannan. Malam, na ga gyaranka, kuma yana da ƙarfi. Ka ce special election a Amurka ya fi cike gurbi faɗi. Haka ne. A ranar 8 ga Agusta 2023 jihar Ohio ta yi irinsa, kuma ba kujera aka nema ba. Tambaya aka yi wa jama'a ko sun yarda a ɗaga yawan ƙuri'un da ake bukata kafin a gyara tsarin mulkin jihar zuwa kashi 60 cikin 100, suka ce a'a. A watan Satumban 2021 kuma Kaliforniya ta yi wanda aka nemi tsige Gwamna Gavin Newsom da ƙuri'a, ya tsira. Duk a Turancinsu suna ɗaya ne.

Amma Malam, don su sun zuba abu uku a buhu ɗaya ba dole mu ma mu zuba ba. Na Ohio ƙuri'ar raba gardama ce. Na Kaliforniya kiranye ne, kalmar da kowane ɗan siyasar Arewa ya sani. Na Queens cike gurbi ne. Mai fassara ya karanta labarin har ƙasa, ya ga me ake kaɗa wa ƙuri'a, ya kira shi da sunansa. Idan kuma doka ce ake fassarawa wadda ta haɗe su duka, sai a ce "zaɓen wajen jadawali", wato wanda bai faɗo a ranar da aka saba ba. Ba shi da daɗin faɗi, na sani, amma a takardar doka za a same shi, ba a kanun labarai ba.

An kawo shawarar "zaɓen gaggawa". Wannan a bar shi ga ƙasashen da firaminista ke rushe majalisa ya kira zaɓe kafin wa'adi, kamar yadda Theresa May ta yi a Birtaniya a 2017. An kuma kawo "zaɓen maye gurbi". Bai yi laifi ba, sai dai idonsa na kan mutumin da ya tafi, wane ne zai maye gurbin wane. "Cike gurbi" idonsa na kan kujerar, kujerar kuwa ta mazaɓa ce. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke fassara daga Faransanci su ma su kula, élection partielle ba "zaɓen wani ɓangare" ba ne, shi ne dai wannan cike gurbin.

Inda muka fi yin tuntuɓe ma ba a sunan ba ne, a aikatau ne. Komai "an soke" muke cewa. Ga ɗan Najeriya kuwa "soke zaɓe" na da hoto guda a kai: 12 ga Yuni 1993. An fita, an yi layi, an kaɗa, an fara ƙidaya, sannan gwamnatin Janar Babangida ta ce babu. Ko kuma kotu ta soke nasarar wani bayan ya hau. Sokewa tana zuwa ne bayan an yi abin.

Abin da ba a kai ga yi ba kuwa, Bahaushe cewa yake an fasa. Ku duba yadda muke magana a kan aure: a sa rana, a ɗaga rana, a fasa, ko kuma bayan an ɗaura a raba. Ba wanda ke rikita waɗannan huɗun. Haka ya kamata mu yi da zaɓe. Na Queens an sa masa rana a Maris, an ɗage shi zuwa Yuni, sannan aka fasa shi. Labari ɗaya, aikatau uku, kowanne da abin da ya jawo wa mai ƙuri'a. Wanda aka ɗage wa zaɓe yana da ranar da zai jira, wanda aka fasa wa kuwa ba shi da ita.

Wata Hajiya ta tuna mini cewa a Queens an riga an buɗe rumfunan masu kaɗa ƙuri'a da wuri kafin a tsayar da komai a tsakiyar Maris, don haka wasu sun riga sun kaɗa. Na gode Hajiya. Duk da haka ina nan a kan "fasa", don ranar zaɓen kanta ba ta zo ba, ba a rufe rumfa an ƙirga an ce ga wanda ke gaba ba. Kuma kar a damu da cewa "fasa" na iya zama fasa tulu, ba mai karatun da zai ɗauka akwatin zaɓe aka ragargaza, sai dai in labarin daba ne, shi kuma a can "farfasa" muke cewa.

Akwai na huɗu wanda ya fi sauran wayo, shi ne ƙin sa rana tun farko. A ƙarshen Disambar 2017 wasu 'yan majalisar jihar Wisconsin biyu, Sanata Frank Lasee da Keith Ripp na majalisar wakilai, suka ajiye kujerunsu suka karɓi muƙami a gwamnatin gwamnan jihar na lokacin, Scott Walker. Walker ya ce ba zai kira zaɓe ba sai Nuwamban 2018, hujjarsa ita ce majalisa ta kusa tashi, kuɗin jama'a za a ɓarnatar. Dokar jihar ta ce gurbin da ya samu kafin Talata ta biyu ta watan Mayu a shekarar zaɓe dole a cike shi da sauri. Lauyoyinsa suka ce ai waɗannan guraben a 2017 suka samu, ba a shekarar zaɓe ba, don haka dokar ba ta hau su ba. Wato gurbin da ya fi daɗewa shi ne ba dole a cike ba! Masu zaɓe suka kai ƙara da goyon bayan wata ƙungiya da ke ƙarƙashin Eric Holder, tsohon ministan shari'ar Amurka. A watan Maris 2018 alƙaliya Josann Reynolds, wadda shi Walker ɗin ne ya naɗa ta, ta umarce shi ya kira zaɓen. Aka yi ranar 12 ga Yuni. Caleb Frostman na Dimokurat ya ci kujerar sanata, Jon Plumer na Rifablikan ya ci ɗayar. Frostman 'yan watanni kawai ya yi, ya faɗi a Nuwamba, amma wannan bai rage komai daga hukuncin ba. Tambayar da ke gaban kotu ita ce wa ke da ikon cewa mazaɓa ta zauna ba wakili, kuma ta ce ba gwamna ba ne.

A nan idan ka rubuta "Walker ya soke zaɓe" ka yi ƙarya, idan ka rubuta "ya fasa" ma ba daidai ba, don bai taɓa sa rana ba. "Ya ƙi kiran zaɓen cike gurbi", shi kenan.

Na jihar Jojiya ta Amurka kuwa fasawa ce ta hanyar doka. Mai gabatar da ƙara na yankin da ya haɗa gundumomin Clarke da Oconee, Ken Mauldin, ya ajiye aiki a Fabrairun 2020. Wata doka ta 2018 ta ba da damar cewa idan gwamna ya naɗa wani cikin wata shida kafin zaɓe, sai a tsallake zaɓen zuwa 2022. Deborah Gonzalez, wadda ke neman kujerar, ta kai ƙara. A watan Oktoba Kotun Ƙolin jihar ta ce dokar ta saɓa wa tsarin mulkin Jojiya. Aka yi zaɓen, Gonzalez ta ci a zagaye na biyu a Disamba.

Sai dai kafin mu ba "cike gurbi" wannan aikin, sai mun sauke masa kayan da ba nasa ba. Mun saba kiran kowane zaɓen da ba babba ba da wannan sunan, har da wanda ake ƙarasawa idan INEC ta ce zaɓe bai kammalu ba, irin na gwamnan Kano a Maris 2019 da aka yi wa laƙabi da inkonkulusib. Wancan ƙarashen zaɓe ne, ba kujerar da ta faɗi. Ranar 16 ga Agusta 2025 ma an ga bambancin a Kano a yini ɗaya: Bagwai da Shanono cike gurbi suka yi saboda ɗan majalisarsu ya rasu, Ghari da Tsanyawa kuwa sake zaɓe suka yi a wasu rumfuna bisa umarnin kotu. A ranar ce kuma aka cike kujerar sanatan Anambra ta Kudu, wadda ta zama fanko tun rasuwar Ifeanyi Ubah a Yulin 2024. Fiye da shekara kenan. Ba a soke ba, ba a fasa ba, rana ce ba a sa ba, kuma da muna da al'adar rubuta shi haka da mai karatu ya san inda zai kai ƙorafinsa.

Game da voting rights, ina goyon bayan "haƙƙin zaɓe" a irin waɗannan labaran fiye da "'yancin zaɓe". 'Yanci ya dace idan ana maganar wanda aka hana shiga rumfa. A nan rumfar ce ba a buɗe ba, kuma buɗe ta nauyi ne a wuyan hukuma. Haƙƙi shi ne abin da ake bin wani, shi ya sa muke cewa an tauye shi ko an danne shi.

Ga edita mai son gajeren kanu, na Queens zai zama: "An fasa zaɓen cike gurbi a Queens, 'yan takara sun garzaya kotu kan tauye haƙƙin zaɓe". Wanda ke da gyara a kan "zaɓen wajen jadawali" ya kawo, shi ne kaɗai nake jin za a iya samo wanda ya fi shi.